Amsoshin Wasiƙunku: Na Auri 'Yar Ƙasar Tailan, Yaya Zan Sami Izinin Zama?

 Kamar yadda muka saba, ga amsoshin wasu daga cikin wasiƙun da aka karanta a rediyo, mun buga su a wannan shafi domin wanda bai sami sauraro ba, ko kuwa ya saurara amma lambobin sun shige masa. A wannan mako wasiƙu biyar muka haɗa wuri guda, don kuwa duk a kan magana ɗaya suke, watau zaman baƙo a ƙasar Tailan bayan ya auri 'yar ƙasar.

Kada wani ya ce ina ruwanmu da Tailan. Shekaru da yawa ke nan 'yan kasuwarmu suna zuwa birnin Bankok saro yadi da riguna da takalma da kayan yara, musamman a kasuwar Pratunam, kuma duk wanda ya taɓa sayen shinkafa 'yar waje ya san sunan ƙasar a jikin buhu. Inda ake ciniki kuwa ana sabo, inda ake sabo ana aure. To, ga tambayoyin.

TAMBAYA TA FARKO

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar yadi daga Kano, ya rubuto yana cewa: Na daɗe ina zuwa Bankok da bizar yawon buɗe ido. Yanzu Allah ya haɗa ni da wata 'yar ƙasar, mun yi aure. Shin wannan aure ya ba ni damar in zauna can iyakar yadda nake so, ko kuwa sai na nemi wata takarda?

To malam, Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo ƙazantar ɗaki. Amma ka sani aure shi kaɗai ba ya ba ka izinin zama ko na kwana ɗaya. Abin da yake ba ka shi ne dalilin da za ka riƙe ka je ka nemi izinin. Ranar da aka buga maka a fasfo ranar da ka shiga, ita ce ranar fitarka, ko da aure ko babu, sai fa in hukuma ta buga maka wata.

Dokar da ke kula da wannan al'amari ita ce dokar shige da fice ta 1979, hukumar da ke aiwatar da ita kuwa wani sashe ne na rundunar 'yan sandan ƙasar. Abu biyu ne ya kamata ka rarrabe. Akwai biza, wadda ofishin jakadanci ke bayarwa don ka sami shiga. Akwai kuma ƙarin wa'adin zama, wanda ofishin shige da fice na cikin ƙasar ke bayarwa. Abin da mutane ke kira bizar aure, a gaskiya ƙarin wa'adi ne na shekara ɗaya, ana sabunta shi kowace shekara muddin auren yana nan kuma an cika sharuɗɗa.

Ga yadda ake hawa matakalar. Bizar yawon buɗe ido kwana 60 take bayarwa, ana iya ƙara kwana 30 a kan baht 1,900. Baht shi ne kuɗin ƙasar. Ba a ɗora shekara ɗaya a kan wannan biza kai tsaye. Sai ka fara samun wata biza mai alamar harafin O, wadda a can ake kira Non-O, ta masu zama saboda iyali. Ita kwana 90 take bayarwa. Kana iya nemanta tun daga gida, ta ofishin jakadancin Tailan da ke Abuja, kuma tun daga farkon 2025 ta intanet ake cike takardun. Mutumin Nijeriya sai ya haɗa da takardar shaida daga hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, sa'an nan da katin allurar shawara, wanda ake nema daga mutanen Nijeriya da na Nijar duka. Idan kuwa kana cikin ƙasar da bizar yawon buɗe ido, akwai hanyar juya ta zuwa Non-O a ofishin shige da fice a kan baht 2,000, amma sai kana da sauran aƙalla kwana 15 a fasfonka, kuma za a nemi ka nuna kuɗin da za mu yi bayani a gaba.

Idan kwana 90 ɗin nan suka rage saura kamar 30, sai kai da matarka ku tafi ofishin shige da fice na lardin da kuke zaune, ba na wani lardi ba. Mazauna Bankok nasu yana babbar sakatariyar gwamnati da ke titin Chaeng Watthana. A nan za ka cike fom mai lamba TM.7, ka biya baht 1,900.

Akwai kuma wata 'yar ƙaramar ƙofa da ya kamata ka sani. Mai mata ko ɗa ɗan ƙasar yana iya neman ƙarin kwana 60 don ziyartar iyali, ba tare da an nemi ya nuna kuɗi a banki ba. Sau ɗaya ake ba da shi a kowace shiga. Yana da amfani ga wanda takardunsa ba su gama haɗuwa ba, lokaci kuma yana neman ƙurewa.

TAMBAYA TA BIYU

Wannan wasiƙa daga Zariya ta fito. Mai ita ya ce: An ɗaura mana aure a masallaci a Bankok, da waliyyi da shaidu da sadaki, liman ya ba mu takarda. Ina kuma da uwargida da 'ya'ya a nan gida. Shin takardar liman ta isa?

Malam, a wajen addini aurenka ya ɗauru, wannan ba mu da ta cewa. Amma jami'in shige da fice ba takardar masallaci yake nema ba. Abin da yake so ya gani shi ne rajistar da aka yi a ofishin gunduma, wanda ake kira amfo, a Bankok kuwa ket. Idan an yi rajistar akan ba da takardu biyu: Kor Ror 3, watau satifiket ɗin aure mai ado wanda ake ajiyewa, da Kor Ror 2, watau kwafin abin da aka rubuta a littafin gunduma. Wannan ta biyun kowace shekara sai an karɓo sabuwa, don ita ce shaidar cewa ba a rabu ba. Wanda kuma aka yi masa rajistar aure a wata ƙasa, kamar Nijeriya, sai a fassara satifiket ɗin zuwa harshen Tai, a tabbatar da shi, a kai gunduma a shigar, a ba shi takarda mai suna Kor Ror 22.

Kafin gunduma ta yi wa baƙo rajista, sai ya kawo takarda daga ofishin jakadancin ƙasarsa mai cewa babu wani abin da ya hana shi aure. Ana fassara ta, a kai sashen kula da harkokin jakadanci na ma'aikatar harkokin waje a buga mata hatimi. To, a nan ne maganar uwargidanka take shigowa, kuma ba za mu ɓoye maka ba. Tun 1935 dokar Tailan ta tsaya a kan mata ɗaya. Dokar farar hula ta ƙasar ta ce ba a yi wa mutum rajistar aure alhali yana da wani auren, in kuwa an yi, auren ɓatacce ne a idon doka. Gaskiya ne akwai dokar 1946 da ta yarda a yi amfani da shari'ar Musulunci a kan aure da gado tsakanin Musulmi a larduna huɗu na kudu, watau Pattani da Yala da Narathiwat da Satun. Amma wannan doka ta waɗannan larduna ce, ba ta kai Bankok ba, kuma ba ta ɗauke wa baƙo neman takardar gunduma a gaban jami'in shige da fice ba.

Wasu za su ce maka, kai rantse kawai ka ce ba ka da mata, wa zai sani? Muna ba ka shawara kada ka yi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Faɗa wa jami'in gwamnati ƙarya laifi ne mai zaman kansa, kuma ranar da aka gano, rajistar ta rushe, izinin zaman da aka gina a kanta ya rushe, amaryar kuma ta rasa matsayinta na matar aure a doka, har da maganar gado. Abin da ya fi shi ne ka sami lauya a can, ka faɗa masa gaskiyar halin da kake ciki. Idan Allah ya ba ku haihuwa, akwai wata hanya dabam, ta neman zama a matsayin uban ɗan ƙasa, domin tun gyaran dokar 1992 ɗan da mace 'yar Tailan ta haifa ɗan ƙasa ne ko da ubansa baƙo ne. Sai dai in babu rajistar aure, dole a fara tabbatar da kai a matsayin uba a doka, ta gunduma ko ta kotu. Sunanka a takardar haihuwa kaɗai bai wadatar ba.

TAMBAYA TA UKU

Wani mai sauraro daga Maraɗi a Jamhuriyar Nijar yana tambaya: Na ji an ce sai mutum ya ajiye kuɗi masu yawa a banki. Nawa ne, kuma gwamnati ce take cinye su? Wane irin takardu ake kaiwa?

A'a malam, ba a cinye su, kuɗinka ne, nunawa kawai za ka yi. An rubuta ƙa'idar a cikin umurnin rundunar 'yan sanda mai lamba 327 na shekarar 2014. Baƙon da ya auri 'yar ƙasar sai ya nuna ɗaya daga cikin biyu: ko dai baht 400,000 a bankin Tailan, ko kuwa samun kuɗi na baht 40,000 a kowane wata. A farashin shekarar 2025, 400,000 ɗin nan ta haura dala 11,000. Sai kowa ya buga lissafinsa da naira ko sefa a farashin ranar.

Amma akwai sharuɗɗa uku a kan kuɗin ajiyar, kuma a nan ne 'yan kasuwa suka fi faɗawa rami. Na farko, asusun ya zama da sunanka kai kaɗai, ba na matarka ba, ba na kamfani ba. Na biyu, kuɗin su kwana a ciki wata biyu cur kafin ranar da za ka kai takardu. Na uku, a cikin wata biyun nan kada su sauka ƙasa da 400,000 ko da na yini ɗaya. Mun san halin ɗan kasuwa, ba ya son ganin kuɗi a kwance. Kaya suka zo da araha a Pratunam, sai ka ce bari in ciri dubu hamsin in mayar jibi. To, jami'in layi-layi yake bin littafin banki. Ranar da ya ga 399,000, lissafin wata biyu ya koma farko, alhali kwanakinka na fasfo ba su tsaya jiranka ba. Don haka ka sa kuɗin da wuri, ka ɗan ɗora wani abu a kai saboda cajin banki. Ka kuma lura da cewa bankuna da yawa ba sa buɗe wa mai bizar yawon buɗe ido asusu, wannan na cikin dalilan da suka sa shiga da Non-O tun daga gida ya fi sauƙi.

Mai bin hanyar baht 40,000 a wata kuwa, in a cikin ƙasar yake aiki, sai ya kawo takardar izinin aiki da rasit ɗin biyan haraji. In daga waje kuɗin ke zuwa, sai ya nuna ko dai wasiƙar ofishin jakadancinsa, ko bayanin banki na wata goma sha biyu mai nuna shigowar kuɗin daga ƙetare wata bayan wata. Ofisoshin jakadancin Ingila da Amurka da Ostireliya sun daina ba da irin wannan wasiƙa tun farkon 2019, daga nan ne shaidar banki ta ƙara ƙarfi. Kuɗin da aka zo da su a aljihu, ko aka bi da su ta hannun 'yan canji, ba sa barin sawun da jami'i zai gani.

Ga 'yan'uwa mata kuma, idan mace baƙuwa ce ta auri namiji ɗan Tailan, ba a neman ta ajiye waɗannan kuɗi. Mijin ne ake duba sana'arsa da abin da yake samu.

Sauran takardun su ne fasfo da kwafin shafukansa, da hotonka, da takardun aure da muka ambata, da katin shaidar matarka, da littafin rajistar gidansu mai shuɗin bango wanda ake kira tabiyan ban, da wasiƙar banki sabuwa tare da littafin ajiya da aka buga a ranar, da taswirar hanyar gidanku, da hotunanku ku biyu a cikin gida da kuma a ƙofar gida inda lambar gidan ta fito. Akwai kuma rasit ɗin fom TM.30, watau sanarwar da doka ta ɗora wa mai gida ya yi cikin awa 24 da saukar baƙo a gidansa. Matarka dole ta zo da kanta, a yi mata tambayoyi, ta sa hannu. Ofisoshi sun ɗan bambanta a kan yawan kwafi da hotuna, saboda haka ka je tun da sauran lokaci ka karɓo jerin abin da ofishinku yake so.

Wani abin lura shi ne shekara. Takardun ƙasar da lissafin addinin Buda suke tafiya, wanda ya ɗara na Miladiyya da shekara 543. Idan ka ga 2568 a takardar gunduma ko ta banki, 2025 ake nufi.

Ranar da ka kai takardu ba a ba ka shekarar nan take. Za a buga maka hatimin cewa ana dubawa, na kimanin kwana 30, a rubuta ranar da za ka komo. A cikin wannan lokaci, musamman a shekarar farko, jami'ai sukan zo gida, su ga ko da gaske tare kuke, su tambayi maƙwabta, a ƙauye har da mai gari. Ka bar kuɗin nan a banki har sai an buga maka shekarar, don ofisoshi da yawa sukan sake duba littafin. Dalilin wannan bincike kuwa shi ne auren bogi. A 2018 'yan sandan ƙasar sun kama wasu Indiyawa da matan Tailan da aka biya kuɗi suka yi rajistar aure ba tare da sun taɓa zama ɗaki ɗaya ba. Laifin wasu ne ya jawo wa kowa.

TAMBAYA TA HUƊU

Wani manomi kuma ɗan kasuwar hatsi daga Funtuwa ya ce: Idan na sami shekarar, shi ke nan na huta? Zan iya zuwa gida Salla in koma? Matata 'yar ƙauye ce, iyayenta manoman shinkafa ne, zan iya sayen gona ko in buɗe shago?

Alhaji, hutun da sauransa. Abu na farko, duk kwana 90 da ka yi a jere a cikin ƙasar sai ka sanar da hukuma inda kake zaune, da fom TM.47. Kyauta ne, kuma ana iya yi da kai, ko ta gidan waya, ko ta intanet. In da kanka za ka je, an ba ka daga kwana 15 kafin ranar zuwa kwana 7 bayanta. Wanda ya makara tarar baht 2,000 ce. Wannan sanarwa ba ƙarin wa'adi ba ce, kada a haɗa su.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi cin mutane. Idan ka fita ƙasar ba tare da takardar izinin komowa ba, shekarar nan da ka sha wahala ka samu ta mutu a filin jirgin sama, sai ka sake daga tushe. Kafin ka tafi Salla, ko Hajji, ko ta'aziyya, ka cike fom TM.8. Na fita sau ɗaya baht 1,000 ne, na fita ko sau nawa har ƙarshen shekarar baht 3,800. Ga ɗan kasuwa mai kai da kawo, na biyun ya fi, kuma ya fi kyau a karɓe shi ranar da aka buga shekarar, don mutuwa da rashin lafiya ba sa sallama. Ana samunsa a manyan filayen jirgin sama ma, amma wa ke son layi jirgi na jira? Ka kuma tuna tun daga 1 ga Mayu 2025 duk baƙon da zai shiga ƙasar sai ya cike katin isowa ta intanet, wanda ya maye gurbin tsohon katin takarda.

Game da sana'a, izinin zama dabam, izinin aiki dabam. Alherin zaman aure shi ne ana iya ɗora izinin aiki a kansa, wanda ma'aikatar ƙwadago ke bayarwa. Zaman 'yan ritaya, wanda ake ba mai shekara 50 da ya nuna baht 800,000, ba shi da wannan dama. Amma kafin takardar ta fito, ko tsayawa a shagon matarka kana karɓar kuɗi ana iya ɗaukarsa a matsayin aiki. Hukuncin aiki ba izini tara ce daga baht 5,000 zuwa 50,000, da kora daga ƙasar. Akwai kuma sana'o'in da aka keɓe wa 'yan ƙasa kaɗai, irin su talla a titi da aski da tuƙin mota na haya.

Gona kuwa, dokar ƙasa ta 1954 ta hana baƙo mallakar fili, aure kuma bai canza wannan ba. Matarka tana iya saya da sunanta, amma a ofishin filaye za a sa ka sa hannu cewa kuɗin nata ne na ƙashin kanta, ba ka da haƙƙi a filin. Ka karanta wannan da kyau kafin ka sayar da gonarka ta gado a Funtuwa ka kai kuɗin can. Abin da doka ta yarda wa baƙo shi ne hayar fili mai rajista har zuwa shekara 30, ko sayen ɗaki a dogayen benayen da ake sayarwa ɗaki-ɗaki, muddin rabon baƙi a ginin bai wuce kashi 49 cikin 100 ba.

Kuma ka sani izinin nan a kan auren yake tsaye. Ranar da aka yi rajistar saki a gunduma, ranar dalilin zamanka ya ƙare, ko da hatimin fasfo ya nuna sauran wata takwas. Sai ka je ofis a soke shi, ka nemi wani dalilin, kamar na uban ɗan ƙasa ko na aiki, ko kuwa a ba ka 'yan kwanaki ka tattara kayanka. Wanda kuwa Allah ya ba zaman lafiya ya yi shekara uku a jere yana sabuntawa, yana iya neman takardar zama na dindindin, wadda ake ba mutum 100 kacal daga kowace ƙasa a shekara. Gyaran dokar zama ɗan ƙasa na 2008 kuma ya buɗe wa mijin 'yar ƙasar hanyar neman zama ɗan ƙasa ba sai ya bi ta zaman dindindin ba, in yana aiki a can yana biyan haraji.

TAMBAYA TA BIYAR

Ta ƙarshe daga wata baiwar Allah ce a Gusau. Ta ce: Ƙanena ya yi aure a can, bizarsa ta ƙare yau wata biyu, yana tsoron zuwa ofis. Wani dillali ya ce a turo kuɗi zai gyara masa komai. Mu tura?

Hajiya, ki saurara da kyau, don wannan magana ba ta jira. Wanda ya wuce wa'adinsa ana cinsa tarar baht 500 a kowace rana, har ta tsaya a 20,000. Ƙanenki ya riga ya kai ƙarshen tarar. Abin da ya rage a ceto shi ne damar komawa wurin matarsa. Tun daga Maris 2016 ƙa'idar ita ce, wanda ya miƙa kansa alhali bai wuce kwana 90 ba, tara kawai zai biya. In ya haura kwana 90, a hana shi shiga ƙasar shekara ɗaya. In ya haura shekara ɗaya, hanin shekara uku ne. In ya haura uku, shekara biyar. In ya haura biyar, shekara goma. Wanda kuwa kama shi aka yi, ko da kwana kaɗan ya wuce, hanin shekara biyar ne, in ya haura shekara ɗaya kuma shekara goma. Bayan haka a gurfanar da shi a kotu, a tsare shi a gidan tsare baƙi, wanda aka fi sani shi ne na Suan Phlu a Bankok, har sai danginsa sun sayo masa tikitin komawa gida. Gwamnatin ƙasar ba ta saya wa kowa tikiti.

Ki ga ke nan yana da kimanin wata ɗaya kafin ya faɗa cikin hanin shekara. Kuɗin da za ku tura wa dillali, ku tura masa su ya haɗa baht 20,000 da kuɗin tikiti, ya sami lauya ko ya tuntuɓi ofishin jakadancin Nijeriya a Bankok, ya biya tarar ya fito da ƙafarsa. In ya iso gida sai ya nemi Non-O da takardun aurensa, ya koma ta ƙofa. A cikin kwanakin nan kuma ya rage yawo, don 'yan sanda sukan yi samame a unguwannin da baƙi ke taruwa, irin su Nana, suna duba fasfo.

Game da dillalai, akwai masu taimakawa wajen cike fom da fassara da rakiya, wannan ba laifi. Amma wanda ya ce zai karɓi fasfo ya dawo da shi da hatimi ba tare da mai shi ya ga jami'i ba, ko zai ranta maka 400,000 na yini ɗaya a nuna, to ku guje shi. In hatimin ya zama na jabu, mai fasfon ne zai shiga kurkuku, dillalin yana gidansa. Kuɗin hukuma sananne ne, baht 1,900, kuma ana ba da rasit.

To jama'a, a nan za mu dakata a wannan mako. Wanda ke da ɗa ko ƙane ko abokin ciniki a can, ya yanke wannan shafi ya ajiye, ko ya karanta masa ta waya, musamman maganar wata biyu na banki, da takardar komowa, da kwana 90 na wanda ya wuce wa'adi. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, a rubuta tambaya a taƙaice, a sa sunan gari. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu huta lafiya.